Ladabin Turdali

Halmat ya dawo daga yaƙi da Jamus a kakar 1942, ya baro hannunsa na hagu a bakin wani kogi da ko sunansa bai iya faɗa ba. A da, mai ban ruwa ne a gonakin audugar ƙauyensu, a kwarin Fargana. Da aka ga fartanya ta fi ƙarfinsa, sai hukuma ta ba shi usur da bindigogin katako ashirin, aka ce ya riƙa horar da waɗanda za a kwasa zuwa fagen daga, kwana arba'in kowane rukuni. Bai yi murna ba, bai yi baƙin ciki ba. Tun da ya dawo, shayi da ruwa ɗanɗanonsu ɗaya a bakinsa.

Hagu-dama ba ta dame shi ba, wannan ta burge hafsoshi ce. Abu ɗaya yake koyarwa da gaske: in ya hura usur, kowa ya zube ya manna fuska a ƙasa. Manoma kuwa, Allah ya shirye su, wani sai ya tsaya tattare riga kada ta yi datti, wani ya duba inda babu ƙaya.

A rukuni na huɗu sunan ƙaninsa Turdali ya fito. Shekararsa sha tara, kuma duk ƙauyen da ladabinsa ake misali. Ba ya kurɓar shayi kafin babba, ba ya zama sai manya sun zauna. Sahu ya haɗa shi da Usta Mirza maƙeri, abokin marigayi mahaifinsu. Da usur ya yi ƙara, sai Turdali ya saci kallon dattijon, ya jira ƙirjinsa ya taɓa ƙasa, sannan ya bi. Jinkirin numfashi ɗaya ne tak. Halmat ya san abin da numfashi ɗaya ke jawowa.

"Kai Turdali! Gidan surukai ka zo? Ka ga harsashi na tambayar shekaru?"

"Yi haƙuri, Yaya. Wallahi jikina ne ke yi, ba ni ba."

"To gaya wa jikin nan naka ni zan karya shi kafin Bajamushe."

Usta Mirza ya ɗago kai yana tofar da ƙasa. "Haba Halmat, ƙyale shi mana. Ɗan mutunci ne. Kai ma haka kake kafin su lalata ka."

Halmat ya raba su, Turdali ya sami wani dattijon ya riƙa jira. Halmat ya hana shi abincin rana, ya mare shi gaban jama'a. A makon ƙarshe Turdali ya zube daidai sau uku a jere, amma idonsa na kan yayansa. Halmat ya gane tsoronsa yake ji, shi kuwa ba ya cikin masu tafiya.

Ranar tafiya Innarsu ta miƙa wa Turdali gurasa ya gatsa, ta rataye sauran a bango yadda ake yi, don rabonsa ya jawo shi gida.

Bayan wata bakwai Usta Mirza ya dawo yana dogara sanduna. A bakin filin horo ya sami Halmat.

"Muna tsallaka wata gona aka buɗe mana wuta," in ji shi. "Ka san gwiwata, na ɗan daɗe kafin in kai ƙasa. Da na waiga Turdali yana tsaye, ni yake jira." Ya share ido da bakin rawaninsa. "Irin tarbiyyar nan ta ƙare a duniya. Allah ya jiƙan ɗan albarka."

Halmat ya ce amin. Ya saurara ko zai ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji komai ba. Gurasar bango kawai ya tuna, ta bushe kamar katako, da shaidar haƙoran yaron a gefe, Inna na kaɗe mata ƙura kowace Juma'a.

Rukuni na tara na tsaye a rana suna jiransa. Ya koma, ya hura usur. Kowa ya zube, ban da wani dogon saurayi a sahu na biyu, wanda ya juya yana duban kawunsa. Halmat ya kalle shi yadda ake kallon ragon da aka riga aka sayar wa mahauci.

"A tashi," ya ce. "A sake."