Hannun Zygmunt, Sunan Balogh

Zygmunt Pawlak ya yi shekara talatin da ɗaya yana sassaƙa motoci da yumɓu a kamfanin Ostrander na Detroit, amma ko sau ɗaya sunansa bai fita a jarida ba. Ɗan unguwar Hamtramck ne, cikin 'yan Poland, inda ubansa ya ƙare rayuwarsa a gaban tanderun narka ƙarfe. Shi kuwa Allah ya ba shi hannu. In aka miƙo masa zanen mota a takarda, sai ya ɗumama yumɓu ya shafe katako da shi, ya yi ta kankara har mota ta tsaya da girmanta. In aka yi mata fenti, sai ka rantse tashi za ta yi.

Rana ɗaya aka ɗauke su aiki da Emeric Balogh, a shekarar 1947. Emeric ɗan Hungary ne daga unguwar Delray, dogo, ga baki, ga iya sa kwat. Shi aka kai shi bene wajen masu zane, Zygmunt aka sauke shi ƙasa wajen yumɓu. Da farko abota suke yi sosai, har abincin rana tare suke ci. Matar Zygmunt, Halina, kan ƙara naɗin kabeji da nama a kwanon mijinta saboda Emeric.

Abin ya soma lalacewa a 1955, lokacin da kamfani ya so motar gwaji ta nuna wa duniya. Emeric ya zana wata aba mai rufin gilashi kamar an kifa ƙwarya, da fikafikai biyu a baya. Ya sauko da takardar yana murmushi.

"Mutumina, ga ta nan. Kifin Sama sunanta."

Zygmunt ya juya takardar sama da ƙasa. "Wannan ai kwaɗo ne aka taka. Ina direba zai sa ƙafarsa?"

"Kai dai ka san yadda za ka yi. Ba don haka ake ji da kai ba?"

Wata biyar Zygmunt ya yi a kanta. Ya ja hancinta gaba, ya sassauta ƙugunta, ya kwantar da fikafikan har suka daina kama da kunnen jaki. Ranar da aka yaye mata mayafi, shugaban kamfani, tsoho Ostrander, ya zagaya ta sau uku, ya kama hannun Emeric da hannu biyu. Zygmunt na tsaye a baya da yumɓu a farce. Ba wanda ya waiwayo.

Ya koma gida ya ƙi cin abinci.

"Baban Wanda, lafiya?" in ji Halina, don da sunan 'yarsu Wanda take kiransa.

"Lafiya lau. Mutumin da ba zai iya murɗa ƙusa ɗaya ba, shi ne yau gwanin Amurka."

"To ka ci abinci mana. Kabejin ne ya yi maka laifi?"

Da aka ƙera motar da ƙarfe, Zygmunt ya lura da wani abu. Tsakanin rufin gilashin da jikin motar ba a bar sarari ba, kuma ya san in rana ta buga ƙarfen, rufin zai cije. Sau biyu ya hau bene don ya faɗa wa Emeric; a karo na farko bai same shi ba. A karo na biyu ya tarar da mai ɗaukar hoto yana gyara wa Emeric wuyan riga, sai ya juya ya sauko da bakinsa a rufe.

A watan Yuli aka baje Kifin Sama a filin baje koli, rana na dukan kai. Uwargidan Ostrander, mace mai jiki, ta shiga don a ɗauke ta hoto, aka rufe. Da ta so fita, rufi ya ce bai san zancen ba. Bakanikai suka taru suna ta ja, matar tana dukan gilashi, hodar fuskarta na narkewa. Zygmunt na cikin taron. Tausayin matar ya kama shi, amma a ƙarƙashin tausayin akwai wani daɗi da ya ji kunyarsa. Ya ce a ransa yau ƙaryar ɗan Delray ta ƙare.

Sai ga Emeric ya tuɓe kwat, ya fizge guduma a hannun wani bakanike, ya farfasa gilashin, ya sungumo matar ya fito da ita. Washegari hotonsa ya cika jaridu: gwanin da ya fasa motarsa don ya ceci rai. Kafin shekara ta ƙare an ba shi shugabancin sashen zane gaba ɗaya.

Tun daga nan Zygmunt ya daina hawa bene. Ya sayo tsohuwar mota da ta yi haɗari, ya tura ta gareji a bayan gida, ya ce zai ƙera tasa, wadda ba wanda zai raba shi da ita. Kowace Asabar, da Lahadi bayan coci, yana can yana bubbuga ƙarfe. 'Yarsa Wanda ta gama makaranta, ta yi aure, ta haihu, yana gareji. Shekara goma sha ɗaya.

A bikin cocinsu na 1968 ya fito da ita. Koriya ce shar, doguwa, ƙasa-ƙasa, ba fiffike ko ɗaya, fitilunta a ɓoye sai an kunna su sannan su buɗe ido. Mutane suka bar rawa da giya suka kewaye ta. Zygmunt ya harɗe hannu yana jiran tambaya. Wani mai shagon nama ya shafa bayanta ya ce, "Pawlak, wannan ai aikin Balogh ne. Nawa ya sayar maka?"

"Ni na yi ta."

"Haba dai! Dubi ƙugun nan. Ko makaho ya shafa ya san hannun Balogh ne."

Mutum huɗu suka faɗa masa haka kafin la'asar. Sannan Emeric da kansa ya iso, don Halina ta gayyace shi a ɓoye. Ya yi furfura, ya yi tumbi. Ya daɗe yana kallon motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe da ƙyar.

"Ziggy," ya kira shi da sunan da yake kiransa a da, "wallahi ba ni da abin da ya kai wannan."

"Na sani."

"Akwai gidan adana motoci a Ohio, mai wurin abokina ne. In na sa baki za su karɓe ta gobe. Sai dai za su so a rubuta cewa tare muka yi."

Zygmunt ya dube shi daga sama har ƙasa. "Tare? Wace ƙusa ka ɗaura?"

"Don a gan ta nake faɗa, mutumina. In ba haka ba, a gareji za ta ruɓe."

"Ta ruɓe. Tawa ce."

Ya shiga ya tayar da ita ya tafi, ya bar Halina ta koma gida a ƙafa. Bai sake fito da motar ba. Yakan dai shiga ya goge ta, ya zauna a ciki da rediyo yana sauraron wasan ƙwallo.

Ya yi ritaya a 1978. Bayan shekara biyar Emeric ya rasu. Halina ta matsa sai da suka je jana'iza. Coci ya cika maƙil har waje, manyan kamfanoni sun aiko da furanni, tsofaffin motocin da ke ɗauke da sunan Balogh sun yi layi har kwanar titi. Zygmunt ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sandarsa, yana shafa kowace da tafin hannu. Ya san inda ya kankare a jikin kowace. Da ya dawo, Halina ta ga idonsa ya yi ja, ta miƙa masa hankici.

"Ashe kana sonsa, Baban Wanda."

Ya fyace hanci da ƙarfi, ya dubi cincirindon mutanen.

"Dubi jama'a, Halina. Ni in na mutu, wa zai zo? Ke da mai shagon nama."