Ɗakin Dutsen da Aka Yi wa Kwalliya

A gidanmu ba a barin baƙo ya ga yagaggiyar tabarma. Ko kwanon sha ne ya lotse, sai an cusa shi ƙarƙashin gado kafin a amsa sallama. Da wannan tarbiyya na tashi a ƙauyenmu da ke wajen Gude, kuma ban taɓa ganin aibinta ba sai a kan ɗakin dutse.

Kakanninmu ne suka gina ɗakin lokacin da suka sauko daga kan tsauni. A ka suka ɗauko duwatsun, suka jera su da laka, suka yi masa jinka. Ranar Lahadi wurin sujada ne, sauran ranaku kuwa aji, har 'ya'yan Fulanin bakin mayo, wato kogi, a nan suka koyi abacada. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ke riƙe da mabuɗin tun ina goye. An gina babban coci na bulo, kowa ya koma can, amma shi kullum sai ya share ɗakinsa.

Sai aikin faɗaɗa hanya ya zo, aka shafa wa bangon jan fenti, alamar rusau. Wani ɗan ƙauyenmu mai aiki a Yola ya ce mafita ɗaya ce: in gwamnati ta sa ɗakin cikin wuraren tarihi, dole hanya ta kauce masa. Aka yi ta kai da komo har aka ce ma'aikata za su zo su gani da idonsu.

Lokacin ina koyarwa a cikin Mubi. Kawu ya kira ni a waya, murya kamar ta ango.

"Malama, baƙi zai zo daga Yola. Mun fara shiri."

Na ɗauka shara da girki yake nufi.

Ranar zuwansu na sauka daga keke, saura kaɗan in wuce ɗakin ban gane shi ba. An shafe shi da siminti sumul, ciki da waje, an yi masa shuɗin fenti, an cire jinka an buga sabon kwano. Mata ne suka ɗebo ruwa, samari suka kwaɓa, kowa ya sa hannu.

Kawu ya taho cikin rigarsa ta Kirsimeti. "Yaya kika gani? Yanzu ba za mu ji kunya ba."

Wata mata ce ta jagoranci ma'aikatan. Ta zagaya ginin, ta shafa bango, ta leƙa ciki.

"Baba, ina tsohon ginin yake?"

"Shi ne wannan, 'yata. Dutse yana nan a ciki. Mun rufe shi ne, kar ku zo daga nesa ku same mu a haka."

A hankali ta yi masa bayani cewa aikin hannun kakanni suka zo dubawa, abin da ke gabanta kuwa ba shi da bambanci da shagunan bakin kasuwa. Ta tambaya ko akwai tsohon hoto. Wa zai ɓata hoto a kan bangon da yake gani kullum? Suka ci abincinmu, suka yi godiya. Har ta shiga mota ta ce in an iya cire simintin ba tare da an lalata bangon ba, wataƙila a sake dubawa.

Raina ya ɓaci sosai, amma na rasa wanda zan sauke wa fushin. Matar gaskiya ta faɗa, mutanenmu kuma mutunci suka yi niyyar yi.

Kawu ya riƙe wannan "wataƙila" da hannu biyu. Da na dawo ranar Asabar, na tarar da shi da guduma da guntun ƙarfe yana ɓamɓarar bango. Ashe siminti ya fi tsohuwar laka riƙo. Duk ɓarin da ya faɗo, da dutse yake tahowa, lakar tana zuba kamar gari. Har ya yi kafar da ake hango cikin ɗaki.

Na riƙe hannunsa. "Kawu, bari haka. Rushe shi kake yi."

"In na bari, su za su rushe. Ke kin yi boko, gaya mini wanne zan yi."

Na saki hannunsa.

Hanya ta bi ta wurin kafin damina, ban je kallo ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da Kawu ya yi bayan na saki hannunsa. Ya duƙa ya ɗauki dutse ɗaya, ya goge shi da bakin rigarsa, ya kai shi cikin kafar. Ya juya shi nan, ya juya shi can, yana neman yadda ya zauna a da. Duk sanda ya ɗauke hannu, sai dutsen ya faɗo.