Ranar da Aka Kama Ni Ina Bin Ɗana

Ko zan manta komai na zamanmu a unguwar Tremont da ke nan Bronx, ƙasar Turawa, ba zan manta ranar da mai gadin gidan zoo ya tsare ni a kan ɗan da na haifa da cikina ba.

Lokacin shekararsa goma. Yana da lalurar da likitoci ke kira otizim: magana sai ta kama, hayaniya na firgita shi, kuma in aka tsara masa abu, ko ana ha-maza-ha-mata sai an bi tsarin nan. Kusan kowace Asabar muna kai shi gidan zoo na nan Bronx, har ya haddace hanyoyin kaf. Amma ban taɓa sakin hannunsa ba. Malamarsa ta yi ta fama da ni in bar shi ya gwada wani abu shi kaɗai. Ina ce mata to, a raina ina cewa ai ba ke kika yi naƙudarsa ba.

Babansa ya goya mata baya, aka shirya. Zan sallame shi a wajen birai, baban ya jira a wajen raƙuman dawa, yaro ya taka shi kaɗai, tafiyar minti biyar. Aka rataya masa kati mai sunansa da lambar waya.

"Don Allah ki zauna a benci," in ji baban. "Kar ki bi shi."

Na ce, "Haba Malam, sai ka ce wata yarinya!"

Da ranar ta zo, ko taku ashirin yaron bai yi ba na miƙe. Ku dubi mace mai jiki kamar ni, cikin zumbulelen hijabi ruwan goro, wai tana laɓewa bayan bishiyar da ba ta kai kaurin damtsenta ba. Ya tsaya in tsaya, ya waiga in durƙusa bayan kwandon shara. A ganina ba wanda ya lura. Sai ji na yi an ce da Turanci, "Madam, tun ɗazu nake kallonki. Me ya haɗa ki da yaron can?" Wani mai gadi ne, dogo, da rediyo a kafaɗa.

Na ce ɗana ne. Ya ce mene ne sunansa? To, nan ake yin ta. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina aka sa masa, ban taɓa furta shi ba. Baki ya saba, na ce, "Baba." Ya je ya tsayar da yaron, ya duba kati, ya ce ba haka aka rubuta ba. Na buɗe baki in faɗi sunan gaskiya, wallahi harshe ya ƙi. Turancin ma ya tsere, sai cewa na yi, "A garinmu ba a faɗa." Mutumin ya kai hannu kan rediyonsa.

Ba kamun ne ya tsinka mini zuciya ba. Yaron ya fara kaɗa hannuwa, kuma na san abin da ke biyo baya: ya toshe kunne ya zube ƙasa. In haka ta faru ba zai sake yarda ya gwada ba, kuma ni na ja masa.

Mai gadin ya rage tsawo ya ce masa, "Ka san matar nan?"

Yaron bai kalli kowa ba. Can ya ce da Turancinsa, "Mamana ce. Benci aka ce ta zauna." Ya nuna hanya da yatsa. "Mama, ki koma." Ya juya ya ci gaba da tafiyarsa.

Mai gadin ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi ya raka ni benci, ya kuma tsaya a kaina wai kar in sake tserewa. Jim kaɗan waya ta yi ƙara. "Ya iso lafiya," in ji baban. "Amma ya kawo ƙararki." Ina dariya ina kuka, ban damu da masu wucewa ba.

Ranar na gane cewa riƙon da nake masa rabi ƙauna ce, rabi tsoro. Kuma tsoron nan nawa ne, bai kamata yaro ya yi ta ɗaukar mini shi ba.