Ƙwaryar da Ado Ya Huda

A gidanmu na Azare, da an idar da isha'i, Inna, kakata ta wajen uba, kan ja 'yar kujerarta gefen murhu, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa a toka. "Ku kawo kunne, ga wata ta taho," shi ke nan ta fara.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani mai zanen ƙwarya a Itas. Wata Bafulatana ta ba shi ƙwaryar nono ya yi wa ƙwaryar ado saboda 'yarta amarya. Ya ɗora wuƙa a wuta ya zana, ta yi kyau. Bai gamsu ba, ya yi ta cusa layi tsakanin layi har ido ya daina rarrabewa. Ran da aka zuba nono, sai ga shi yana tsiyaya ta ko'ina. "Ɗan banza ya huda ta!" in ji Inna, tana tafa hannu. Mu dai dariya muke yi.

Bara na sayo sabuwar na'urar gem, ta buga wasan ƙwallo a talabijin. Ni fa tun zamanin da kan 'yan ƙwallon ciki yake kamar bulo nake bugawa, kowace sabuwa sai ta sa na riƙe baki. Na kunna, na kira 'yata Ummi, wadda sunan Inna aka sa mata, na nuna mata wani ɗan wasa.

"Kalli gumin goshinsa! Kalli gemunsa, gashi ɗaya-ɗaya!"

Ta leƙa, ta taɓe baki. "Baba, wallahi ɗaya suke da na tsohuwar na'urar."

Kai! Na jona tsohuwar don in ƙaryata ta. Innalillahi! Sai da na kusa manna hanci a gilashin talabijin kafin na ga bambanci. Kunya ta kama ni, na kashe, na ba ta labarin ƙwaryar.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, yaya fuskar Inna take?"

Na san akwai tsage a kumatunta, amma uku ne ko biyar? Muryarta na nan a kunnena, fuskar babu, kuma ko hotonta ɗaya ba mu da shi. Shekara da shekaru ina ƙura ido kan gemun mutanen da ba su taɓa numfashi ba. Ummi tana jira, ni kuwa nonon ya riga ya tsiyaye.