Ni Na Kira Wa Ɗana Kalangu

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, wata maƙwabciyata malamar makaranta ce ke rubuta abin da nake faɗa. Na roƙe ta kada ta gyara mini laifina, ta sa shi yadda yake. In kuka ya ci ƙarfina takan ajiye biro ta jira ni.

A shekarun da aka mai da Gusau babban birnin jiha, soja na kan mulki, ni bazawara ce mai toya masa a unguwar Damba, nan Gusau. Asalinmu Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu. Maigidana mahauci ne, kuma ɗan dambe ne a ƙuruciyarsa, don a gidajen mahauta dambe gado ne kamar wuƙa. Da Allah ya karɓi abinsa sai na tattara na dawo Gusau da ɗana namiji, shi kaɗai ya rage mini cikin duk waɗanda na haifa. Ya gaji uban a fawa, ya gaje shi a hannu. Bahago ne, dogo, marar yawan magana.

Tun yana tsaran yara yake naɗa tsumma a hannu. Da ya kawo ƙarfi, duk kaka in an kai amfanin gona gida, sai su bi garuruwa, yau ƙauyukan Bunguɗu, gobe Tsafe, jibi Gusau. Kafin a jima sunansa ya cika bakin mutane. Akwai wani tsohon makaɗi da ya yi wa ubansa kalangu, shi ya ɗauko taken uban ya ɗora wa ɗan, ya ƙara da kiransa ɗan mai masa. Wanda bai san dambe ba ya sani, kowane ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da ake kiransa da shi. In ya ji shi jikinsa kan ɗauki tsuma, ko a kan abinci yake sai ya miƙe. Ni kuwa nakan kafa tandata a bakin fili, in an kaɗa taken nan kaina ya yi girma. Aka daina kirana da sunana, sai uwar shago, wato uwar gwanin dambe. Masata kan ƙare kafin ta kowa. Ba zan ɓoye ba, bayan mutuwar mijina ba wanda ke kallona sau biyu, hannun yaron nan ne ya sa aka san ina duniya, kuma na ji daɗin abin fiye da yadda ya kamata.

Wata rana ya dawo daga gidan kallo yana ba ni labarin wani kaset da suka gani na mutanen wata ƙasa wai ita Birazil. Ya ce faɗansu ba dambe ba ne ba kokawa ba, duka biyun ne a haɗe. Amma abin da ya tsaya masa a rai shi ne, in an fi ƙarfin mutum sai ya bubbuga ƙasa da tafin hannu, nan take a sake shi, ya tashi su rungumi juna, ba mai yi masa dariya. Na taɓe baki na ce waɗannan ai ba maza ba ne, ubansa bai taɓa roƙon ƙasa ba. Ya yi dariya ya ce ni dai Inna da Allah ya yi ni namiji da tuni na rufe filin Tsafe.

A kakar da ta biyo baya ya sha wani naushi a Bunguɗu. Bai faɗi ba, an raba su ba kisa, wato ba wanda ya kai wani ƙasa, har aka yi ta yi masa kirari. Amma da muka dawo gida sai amai, sai ciwon kai, hasken rana ya zame masa abokin gaba. Ya kira matarsa da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. A mahauta wuƙa ta riƙa suɓuce masa. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a layinmu, Kirista ce daga kudancin Kaduna, mai sayen masata kullum. Ta duba idonsa ta ce Mama a kai shi asibiti yau, ba gobe ba. Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, zai warware in ya huta, amma in ya sake shan irin wannan bugu a ka, ko dai rai ko hankali, ɗaya zai tafi.

Da ya ji sauƙi ya shigo ɗakina da zaren da yake naɗe hannu da shi, ya durƙusa ya miƙa mini ya ce in adana, shi ya gama. Don ya sassauta maganar sai ya bubbuga daɓen ɗakin da tafinsa yana murmushi, ya ce to ga shi ya buga ƙasa irin na mutanen kaset, sai in sake shi. Na karɓi zaren na jefa cikin kwalla. Albarka yake jira, ban sa masa ba.

Shekara ta zagayo, ya yi ƙiba, ya koma fawarsa, kowa ya gan shi ya ce lafiyayye ne. Ni kuma ina nan bakin fili da tandata, ana kaɗa taken 'ya'yan wasu. Sai wani matashin ɗan dambe daga 'Yankuzo da ke tashe ya zo gabana da yaransa. Ya sayi masa ya ce Inna in ƙunshe in kai wa amaryar gidanmu mai kulle, in kuma tambayo masa ita yaushe za ta gama wankan jego. Wuri ya kaure da dariya. Wata mai ƙosai da muke zama tare ta ce ashe uwar shago ta koma uwar ɗiya. Na yi dariyar yaƙe, amma maganar ta kwana ta tashi da ni. Na fara gaya wa kaina ai ba wani ciwo, sammu ne na maƙiya, likita me ya sani game da dambe.

Na san in na ce masa ya koma zai ba ni haƙuri. Don haka ban je wurinsa ba, wurin tsohon makaɗin na tafi da goro. Ya ƙi. Ya ce matar maigida in ji tsoron Allah, shi ya san abin da kalangunsa ke yi wa 'yan gidan nan, fatar kalangu ba ta san mai lafiya da marar lafiya ba, duk wanda ta kira sai ya taso. Na ce masa ashe naman mijina da ya ci shekara da shekaru ya bi ruwa, yanzu ana zagin gidan a bainar jama'a shi kuma ya rungume kalangu kamar jariri. Ya sunkuyar da kai ya ce to, amma in shaida ni na aike shi.

Ranar babban dambe a Tsafe, da hantsi, ɗana yana zaune a zaure da 'yarsa ƙarama a cinya, matarsa na daka a tsakar gida. Sai kalangu ya tashi a ƙofa. Ina kallonsa. Kafaɗarsa ta hagu ce ta fara rawa. Ya sauke yarinyar a hankali, ya dafe bango kamar mai son riƙe kansa. Matarsa ta yar da taɓarya ta zo ta kama ƙafafunsa, ta juyo gare ni tana kuka ta ce Inna don girman Allah in ce wa mutumin nan ya bari. Kalma ɗaya daga bakina ta isa. Shi ma ɗana ni yake kallo, idonsa jawur, jikinsa na ɓari. Na shiga ɗaki na buɗe kwalla na ɗauko zaren. Ya miƙa hannun hagu aka naɗe.

Mota ɗaya muka shiga zuwa Tsafe. Bayan la'asar aka haɗa su da yaron 'Yankuzo. A turmin farko, wato karon farko, ɗana ya kusa kai shi ƙasa, har na yi guɗa, Allah ya yafe mini. A na biyu yaron ya same shi a gefen kunne. Ya zube kamar buhu. Fili ya ɗauki ihun kisa, ana ta ɗaga yaron sama, ni kuwa ina jiran nawa ya tashi ya kakkaɓe ƙura. Bai tashi ba. Na kutsa cikin maza na iske shi kwance, hannunsa na dama, wanda ba a naɗe ba, yana bubbuga ƙasa. Mutane suka ce fizga ce ta wanda ya suma. Wataƙila haka ne. Ni dai na san abin da ya taɓa gaya mini a ɗakina.

Ya daɗe a asibitin Gusau bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo, ba ɗan da na kai Tsafe ba ne. Harshensa ya yi nauyi, gefe ɗaya ya saki, wuƙa kam har abada. Ma'aikaciyar jinyar nan ta yi ta ɗawainiya da mu, ba ta taɓa ce mini ai ta faɗa ba, kuma shirunta ya fi zagi zafi. Matarsa ta yi haƙuri na shekaru kafin iyayenta su zo su tafi da ita da yarinyar, ban ga laifinta ba. Makaɗin ya rataye kalangunsa har ya mutu, in mun haɗu a hanya sai ya kau da kai. Yaron 'Yankuzo ya zo da damin gero ya durƙusa yana neman gafara. Na ce ya tashi, shi wasa ya zo yi, ba shi ya fito da ɗana daga zaure ba.

Yau ɗana ya yi furfura, ni nake ba shi abinci a baki in hannun ya ƙi. Ya manta Tsafe, ya manta yana da 'ya. Na sha durƙusawa gabansa in ce ya yafe mini, sai ya yi dariya ya tambaye ni ko akwai sauran masa. Abu ɗaya bai manta ba, kiɗa. Ko na biki ya jiyo daga nesa sai ya yunƙura ya miƙe, ya jawo duk tsumman da ya samu yana naɗe hannu, ya faɗi ya fasa baki. Shi ya sa da na ji ganga ta doso layinmu nake fita da sandata in tare su, in roƙe su su bi ta wata hanya. Yaran unguwa suna kirana tsohuwa mai korar makaɗa. Ba su san ni na fara kiran makaɗi ƙofar gidan nan ba.

Ban ce dambe ne ya cuce ni ba, na ga waɗanda suka yi shi suka bari da hankalinsu. Son a kira ni uwar shago ne ya cuce mu. Ina roƙon iyaye mata 'yan'uwana, duk abin da ɗanki yake yi da ke sa a san ki, ranar da ya zo ya ce ya gaji, ki sa masa albarka ki sake shi. Masu dariyar nan ko ɗaya bai zo ya taya ni ɗaga shi ba, kuma na tabbata sun manta da maganar tun kafin masata ta huce. Abin da ke hana ni sakewa yanzu shi ne ƙafafuna sun fara ƙi, ban san wa zai riƙa tare masa makaɗa ba in na kwanta dama. Wanda ya karanta wannan ya sa mu a addu'a, shi da ni.