Ƙasar Bakin Tur'a

Ko sunana zan manta, ba zan manta daminar da matar ƙanena ta zo mana daga Jidda da ɗiyarta ba. Ƙanen nawa can yake aiki, ya turo su ƙauyenmu da ke kusa da garin Hasahisa don Inna ta ga jikarta. Yarinyar shekararta biyu da 'yan watanni, ɓul-ɓul da ita. Idan ta ce "Gwaggo" sai in ji kamar in haɗiye ta don so.

Uwar kuwa, a ganina, tsabta ta yi mata yawa. Ruwan randarmu ba ta ba yarinyar sai ta tafasa, ba ta barin ta taka ƙasa babu takalmi. Ni kuma bakina ba ya shiru. Kullum ina mata tsiya: "Amarya, wannan ɗiya taki ƙwai ce? Dubi nawa, cikin laka suka tashi, ko mura ba ta kayar da su." Sai ta yi murmushi ta ce, "Yaya, ba ta saba ba ne." In ce ai sabon ake nema.

Muna da wata al'ada. Idan baƙo ya zo daga nesa, akan ɗebi ƙasar gari kaɗan a jiƙa masa ya sha, wai don cikinsa ya san ruwan wurin. Inna ta ce haka kakanninmu suka yi a duk zangon da suka sauka a hanyarsu ta zuwa nan. Na kawo wa uwar maganar, ta ƙi cikin ladabi. Ni kuwa na ɗauka raini ne irin na waɗanda suka zauna waje.

Ran nan da hantsi, ina dawowa daga gonar audugarmu, na tsaya bakin tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonaki, na ɗebi ƙasa na ƙulle a bakin mayafi. Ko kaɗan ban tuna nan awaki da jakuna ke shan ruwa ba. Da uwar ta shiga wanka ta bar mini yarinyar, sai na jiƙa ƙasar a moɗa da ruwan randa, na zuba sukari. Ta shanye tas, ta miƙo moɗar tana son ƙari, na ƙara mata. Wallahi da zuciya ɗaya na yi.

Bayan kwana biyu sai amai da gudawa. Na ce wa uwar canjin ruwa ne, zai wuce, muka ɓata yini guda a kan maganata. Washegari idanun yarinyar sun faɗa, ga ruwan sama ya lalata hanya, mota ba ta shigowa. A amalanken jaki muka kai ta bakin titi. A asibiti likita ya tambaya ko ta sha wani ruwa marar kyau. Uwar ta ce, "Abadan, da hannuna nake tafasawa." Ina tsaye a wurin na yi gum. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku, da mata suka watse, ta zo ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna. "Yaya, ki yafe mini," ta ce. "Ke ce mai gaskiya. Da na bar ta ta saba da ƙasa kamar naki, da jikinta ya yi ƙwari. Tsabtata ce ta kashe ta."

Nan na kasa daurewa. Na gaya mata komai, har wurin da na ɗebo ƙasar. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Hannunta kawai ta zare, ta tambaya, "Ta yi kuka da kika ba ta?" Na ce a'a, na sa sukari. Ta gyaɗa kai ta tashi. Ta haifi uku bayan nan, har yau ko ɗaya ba ta kawo mana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na san kwana ne ya ƙare. Na kuma ji masu aikin lafiya suna cewa wasa da ƙasar tsakar gida ba ya cutar da yaro, yana ma iya ƙara masa ƙwari, amma ba ruwan da dabbobi suka ɓata ba. Abin da na koya dai shi ne, duk mai cewa "a haka muka tashi, ba abin da ya same mu" kansa kawai ya ƙirga. Inna mu tara ta haifa, mu huɗu muka rayu. Sauran biyar ɗin suna maƙabartar bayan gari, kuma ban taɓa sa su a lissafi ba sai da muka kai musu ta shida.