Aikin wata uku a minti huɗu

Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfina.

Ƙarfe goma da kwata, ina ofishin makarantar unguwarmu, ni da ɗana Nura da hedimasta. Nura ya kawo manhajar tsara darussa, aikin wata uku. Hedimasta ya ce, "Sannu, amma duba nan." Ya yi wa ƙirƙirarriyar basirar wayarsa magana, minti huɗu ta rubuta irinta.

Na ce a tambaye ta ko aikin ɗana ta zo ƙwacewa. Ta ce ita mataimakiya ce.

Nura ya ce, "Baba, haka aka faɗa wa 'yan ƙodago da tarakta ta zo."

Gonata ta Zango na sayar ya karanci kwamfuta. Ya ƙi cin abinci. Wanda ya san harkar nan, don Allah ya faɗa min, me zan ce masa?